Tampol Ɗaya a Dugabau

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na fara mallakar mota ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, akwai mutane a Dugabau da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min kyauta. Gara in ba ku labarin da bakina, domin na ji yadda ake bayar da shi a gari, an zuba masa gishiri har ni mai labarin ba na gane kaina a ciki.

Ni malamin makaranta ne a Gwarzo. Darasin da nake koyarwa kuwa (a nan rabin abin kunyar yake) noma ne. Ni ne mai tsayawa gaban allo in zana gajimare da alli, in ja masa layuka zuwa ƙasa, in ce wa ɗalibai ruwan sama shi ne ran manomi. Har jarrabawa nake yi a kai, in kayar da wanda bai sani ba.

Bayan shekaru ina fama da babur, Allah ya hore min 'yar mota kwatano, baƙa wuluk. Abokin da ya raka ni saye ya ce in ɗauki mai ruwan toka, wai ta fi rufa asiri a irin hanyoyinmu. Na ce masa ni ba ɓuya na zo yi ba, fitowa na zo yi. Baƙar mota in ta sha wanki kwarjini gare ta, kana iya tsayawa gabanta ka gyara zaman hularka. Abin da ba wanda ya gaya min (ƙarya nake yi, an gaya min, ji ne ban yi ba) shi ne jar ƙasar Gwarzo da baƙin fenti ba sa shiri ko kaɗan. Ko kaza ce ta yi fiffike a kusa, sai ka ga shaida a jikin ƙofa.

Wanki na gaske, na masu injin feshi da kumfa da folish, Kano nake kai ta idan na shiga ƙarshen wata. Akwai masu wankin mota a Gwarzo, mutanen kirki, amma a lokacin kaina ya kumbura har ina ganin motata ta wuce bokiti da soson buhu. A can Kano ne wata rana, ina zaune kan benci ina kallon yadda ake shafa ta, mai wurin ya ce da ni, "Oga, ka san baƙar mota ba ta son ruwan sama ya bushe a jikinta, zane yake bari. Taɓo kuwa in ya kwana, fentin yake ci. Kafin ka dawo mana ka riƙa bin ta da tsumma." Shi maganar kasuwa ya yi, ya wuce ga motar gaba. Ni kuwa na riƙe ta kamar wasiyya.

Daga ranar but ɗin motata ya koma shago. Akwai bokiti, akwai jarkar ruwa, akwai tawul na jiki daban, na gilashi daban, na taya daban, kuma kowanne ya san matsayinsa. Akwai tsohon buroshin haƙori don lungunan wili. Na bi shagunan kasuwa na tara kwalaye na shimfiɗa a ƙasan kujeru, ledar da kujerun suka zo da ita kuwa ban cire ba, duk wanda ya zauna sai ta yi masa ƙara kamar ya zauna kan buhun gishiri. Uwa uba, na sayi tampol shuɗi, babba, mai kauri, na kai wa tela ya ɗinka masa igiyoyi a gefe. Na yi ta gwaji a ƙofar gida har na ƙware: in wurga shi ta baya, in ja ta gaba, in ɗaure, kafin yayyafi ya zama ruwa na gama. Da ana ba da lambar yabo a wannan fanni, da ba wanda zai ja da ni daga Gwarzo har Kabo.

In hadari ya taso ina aji, sai in ba ɗalibai aikin kwafa in fice. In ruwa ya riga ni, da ya ɗauke zan fito da tawul in bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya kafin rana ta busar. In na tarar da kududdufi a hanya sai in tsaya, in fito, in nemi kara in auna zurfinsa, masu babur suna wuce ni suna dariya. Duk wanda ya tsayar da ni in rage masa hanya, ƙafarsa nake fara kallo kafin fuskarsa. Inna, mahaifiyata, ta leƙo wata safiya ta same ni durƙushe ina goge ƙarƙashin bamba, ta tsaya ta yi kallona ta ƙoshi, ta ce, "Ni da na haife ka ban goge ka haka ba." Na yi dariya, na ɗauka yabo ne.

To, kun san gaisuwar damina. A ce maka, "Yaya ruwa?" ka ce, "Ruwa ya yi gyara." Ko katangar gidanka ce ta zube, ko ɗakinka ne ya kwana yana yoyo kana tara kwanuka, amsar ke nan. Ba a kai ƙarar ruwan sama. Wata safiya na shiga ɗakin malamai raina a ɓace, wata tifa ta watsa min caɓi tun daga fitila har gilashin baya, sai Malam Nasiru, mai koyar da Hausa, ya ce, "Malam, yaya ruwa?" Na jefar da makulli kan tebur na ce, "Ruwa ya yi ɓarna." Ɗakin ya kwashe da dariya.

Ni mutum ne da ban saba a yi dariya don maganata ba (a yi min dariya dai, wannan na saba). Saboda haka na rungumi wannan raha hannu biyu. Kullum aka yi ruwa sai wani ya tambaye ni da gangan, ni kuma in amsa da ƙarfi, har da ɗan jan murya a kan "ɓarna", in tsaya jiran dariya. Na ɗauka fasaha nake yi. Ashe harshena nake horarwa, kuma ya fi duk ɗalibaina saurin ɗaukar karatu.

Ana tsakiyar damina sai ruwa ya ɗauke. Masara ta fara naɗe ganye, dawa ta yi yaushi, fuskokin mutane suka canja. Hadari ya haɗu ta gabas, kowa ya ɗaga kai, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, na bi jama'a da tsohuwar rigata kamar kowa, na ɗaga hannu kamar kowa. Sai dai "amin" ɗina, Allah ya yafe min, ba ta da wani ƙarfi. Motata tana ta sheƙi, ƙura kawai nake kaɗe mata da safe. Ban taɓa jin daɗin damina ba irin wannan lokacin da babu ruwa a cikinta.

Yanzu bari in kawo Sa'adatu. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Kabo, ƙawar ƙanwata ce, ta nan muka san juna. Mace ce mai natsuwa, mai dariya ƙasa-ƙasa, wadda in ka yi shirme ba ta faɗa, kallonka kawai take yi har ka gane da kanka. Ina son ta, so na gaske, ba irin na cika baki a waya ba, kuma na san ita ma tana so na. Mahaifinta, Malam Iro, manomi ne a Dugabau, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da bai zauna da shi ya ji bakinsa ba. Da ta gaya masa ni malamin noma ne, an ce har murmushi ya yi, ya ce, "Turo min shi in gan shi."

Sa'adatu ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce, "In Baba ya gamsu, sai manya su shigo. In bai gamsu ba, ni ba zan tsallake maganarsa ba, kada ma ka sa rai." Aka sa ranar Asabar. Baffa Lawan, ƙanin mahaifina, ya ce zai raka ni, domin sun san juna da Malam Iro tun suna samari a kasuwar Getso.

Mai hankali da ya kwana yana shirya abin da zai faɗa. Ni kuwa ranar Juma'a na kama hanyar Kano, ko ƙarshen wata bai yi ba, na sa aka yi wa motar wankin da ba a taɓa yi mata ba. Aka feshe ta ciki da waje, aka shafa folish, aka sa wa tayoyi abin da ke sa su baƙi kamar sababbi. Na dawo da ita a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, na lulluɓe ta, na kwanta ina jin na gama rabin neman aure.

Da asuba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki hamdala. Inna tana tsakar gida tana jera robobi a bakin indararo tana cewa, "Alhamdulillahi, Allah mun gode maka." Maƙwabta suna kiran juna ta kan katanga. A duk faɗin unguwarmu mutum ɗaya ne ya tsaya bakin taga kamar an aiko masa da saƙon rasuwa, kuma ba sai na faɗi sunansa ba.

Da hantsi ruwan ya ɗauke. Baffa Lawan ya iso da babbar riga fara da takalmi ɗauke da rabin ƙasar unguwarsu. Na yi sauri na ƙara kwali a wajen ƙafarsa. Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya shiga. Muddin muna kan kwalta da sauƙi, ina kauce wa ramuka ina addu'a duk babbar motar da ta tunkaro. Amma da muka sauka muka kama hanyar Dugabau, sai na gane wankin Kano sadaka na yi. Jan taɓo ne shimfiɗe, ina jin yadda yake fantsama a ƙasan ƙofofi, kowane fantsami kamar a ƙirjina. Hagu da dama kuwa mutane ne a gonaki, suna ɗago mana hannu baki har kunne.

Da muka hango gari sai na tsaya gindin wata ɗorawa. Na cire babbar rigata na ninke, na naɗe ƙafar wando, na fito da bokiti.

"Kai, lafiya?" in ji Baffa.

"Baffa, ɗan gogewa zan yi. Ba za mu shiga haka ba."

"Mu za a gani ko ita?"

"Ai mota ake fara gani, Baffa."

"To, in mun je sai ka shigar da ita zaure ta gaishe su."

Na yi kamar ban ji ba. Na wanke, na goge, na bi da tawul na biyu, yana zaune a ciki yana jan carbi da ƙarfin da na san ba duka ne zikiri ba.

A ƙofar gidan Malam Iro muka tarar ana aiki. An shimfiɗa tsofaffin buhuna a fili, an farke takin zamani an zazzage, kamfa da yuriya, ana haɗawa da shebur, tuli guda kamar ƙaramin tsauni. Ƙaninsa, Malam Sale, shi ne ke tsaye a kai tare da manyan 'ya'yan gidan. Duk tsawon lokacin da ruwa ya ɗauke suna riƙe da takin nan, ba halin zubawa a busasshiyar ƙasa, yau da aka samu laima kuwa so suke kafin la'asar ya shiga gona. Na ga duk wannan, na kuma fahimce shi, domin ni ne ke koyar da shi. Amma abin da na fi dubawa shi ne wurin da zan ajiye mota. Na samu wani ɗan tudu nesa da caɓi, wanda kuma zan iya hangowa ta ƙofar zaure.

Malam Iro yana zaune kan buzu, siriri, mai farin gemu, tare da limamin unguwa da wasu dattawa biyu. Suka yi musabaha da Baffa suna tsokanar juna da tsufa. Ni na cire takalmi, na durƙusa can gefe, na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya mutanen gida, suna lafiya, suna gaishe ku. Yaya ɗalibai, alhamdulillahi. Ina ta amsawa daidai, sai wutsiyar idona ta faɗa waje, na hango wani jan layi na taɓo a ƙasan ƙofar baya, wanda tawul ya tsallake. Zuciyata ta tashi ta tafi can ta bar bakina shi kaɗai a zaure.

"Yaya ruwa, Malam?" in ji Malam Iro.

"Ruwa ya yi ɓarna."

Da ƙarfi na faɗa. Har da jan muryar nan. Kuma, jama'a, har ɗan tsayawa na yi ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Carbin liman ya tsaya a hannunsa. Mutanen da suka yi makonni suna kallon amfanin gonarsu yana mutuwa a tsaye, suka fita suka roƙi Allah har ya amsa musu yau da asuba, ga baƙo ya zo neman 'yarsu ya durƙusa ya shaida musu ɓarna aka yi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma daɓen zauren mai kyau ne, bai tsage ba.

Baffa Lawan ne ya yi gyaran murya. "Hanya yake nufi, Malam. Hanyar ce ta ɗan ɓaci daga wajen kwalta, mun sha fama."

Malam Iro ya dube ni. "To," ya ce. "Mu dai nan gyara ya yi mana."

"Ya yi gyara, Baba! Wallahi ya yi gyara. Gyara sosai. Ban taɓa ganin gyara irin wannan ba." Sai da Baffa ya taɓa ni da gwiwa sannan na yi shiru.

Abin mamaki, na farfaɗo. Aka kawo fura da nono mai sanyi, aka shiga hirar gona. Malam Iro ya tambaye ni game da tsutsar da ke shiga zuciyar masara, na yi bayani yadda ya kamata, ba turanci, ba ɗaga kai. Muka yi maganar irin dawa mai saurin nuna, muka yi ta wake. Liman ya sa baki, dattawan nan suka saki jiki. Har Malam Iro ya juya ga Baffa ya ce, "Ashe dai malamin ya san ƙasa." Baffa ya sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa a raina har na fara tunanin kalar fentin da za a yi wa ɗakin amarya.

Sai iska ta kaɗa. Hasken ƙofa ya dusashe. Ɗigo ya faɗo kan kwanon zaure, tas, wani ya biyo, tas tas. Daga waje aka kwala ihu, "Taki! Jama'a, taki! A kawo abin rufi!"

Kowa ya miƙe, amma ba wanda ya riga ni fita. Ban tsaya neman takalmi ba. Na tattare babbar riga na zura da gudu irin wanda rabona da shi tun ina ɗalibi. Na buɗe but, na fizgo tampol, iska ta buɗe shi shuɗi fal. A bayana na ji muryar Malam Iro, wannan dattijo da ba ya ɗaga murya, yana cewa, "Madalla da yaron nan! Allah ya yi maka albarka! Sale, ku kama masa!"

Malam Sale da biyu daga cikin 'ya'yan gidan suka rugo wajena hannuwa a miƙe. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, kai, mutanen Dugabau akwai karamci. Na wurga tampol ta bayan mota, na miƙa wa Malam Sale gefe ɗaya na ce, "Yauwa Baba, riƙe nan, ja ta gaba! Kai kuma kama can, kada iska ta ɗage!"

Kuma ya riƙe. Bawan Allah, mamaki ya hana shi saki. Dattijo mai jikoki, yana tsaye cikin ruwa riƙe da gefen tampol a kan motar baƙo, bakinsa buɗe. Ni kuwa na zagaya na ɗaure igiyar gaba, na ɗaure ta baya, na tsuke ta tsakiya, na ja na tabbatar. Ban taɓa rufe ta da kyau da sauri irin na ranar ba. Na miƙe na kaɗe hannu, na juyo da murmushin wanda ya gama aiki.

A nan na ga taki.

Malam Iro ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan tulin, daga shi sai 'yar shara. Liman yana jan tabarmin zaure. Baffa Lawan, da farar babbar rigarsa, yana rungume da buzu yana neman inda zai ɗora. Daga cikin gida ana ta wurgo zannuwa da faifai da murafun tukwane ta kan katanga. Ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Tulin nan yana narkewa kamar sukari a shayi, wani farin ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashinsa, ya bi ta gefen tuduna ya wuce abinsa kwata. Duk wanda ke wurin hannunsa na aiki, amma idonsa na kaina.

Wallahi har zuwa wannan lokacin taki bai faɗo min a rai ba. Na ji an ce "taki", na ji an ce "abin rufi", kunnena ya ɗauki na biyun ya zubar da na farkon.

Na koma kan igiyoyi da sauri. To, ɗaurin gwani ne, kuma ya jiƙe. Na ja, na cije, na sa haƙori, na karya farce. Kafin in kwance na ƙarshe, ruwa ya gama abin da ya zo yi, ya koma yayyafi. Na jawo tampol cikin taɓo na nufi abin da ya rage na takin, wanda yanzu ya koma kamar kunun da ya kwana. Malam Iro ya ɗaga min hannu, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Bar shi, Malam," ya ce, a natse. "Mayar mata, kada ta yi mura."

Da zagina aka yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya ce min ko kanzil. Aka koma zaure a jiƙe, aka zauna a daɓe tunda tabarmi suna waje, aka yi addu'a, aka shafa. Har ƙwan zabi aka ba mu tsaraba a 'yar ƙwarya, aka rako mu bakin mota, Malam Sale ya taya ni ninke tampol. Irin wannan karamci ya fi mari zafi, duk wanda aka taɓa yi wa ya sani.

Muka kamo hanyar dawowa ni da Baffa Lawan. Da muka hau kwalta sai ya sunkuya, ya zare kwalin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ya sauke gilashi ya wurgar. Sannan ya dasa takalmansa biyu a kan kafet, ya murza su da kyau, yana kallona. Na ci gaba da kallon hanya.

Washegari na nemo taki na aika Dugabau. Aka karɓa, aka aiko da godiya mai yawa. Na ce to, ko an huce. Na jira. Bayan kasuwa ta ci, Baffa ya aiko a kira ni, na same shi a dakalin ƙofar gidansa.

"Mun haɗu da Malam Iro," ya ce.

"To, Baffa."

"Ya ce ba shi da wani ƙorafi a kanka. Ya ce kana da ilimi, kana da ladabi, kuma bai taɓa ganin mutum mai kula da abinsa kamarka ba."

Na fara murmushi.

"Ya ce abu ɗaya ne ya hana shi barci. Wai ranar da hadari zai taso, 'yarsa tana waje, motarka tana waje, tampol kuwa ɗaya ne a gidan. Ya ce shi ya riga ya ga amsar da idonsa, ba sai an wahalar da manya ba."

Na ce zan je in ba da haƙuri, zan yi bayani, suɓutar hannu ce. Baffa ya ce, "Na farko suɓutar baki, na tare maka. Na biyu suɓutar hannu. Kana so ka koma ka nuna musu me kuma zai suɓuce?"

Na kira Sa'adatu. Na yi ta zuba, na rantse, na ce ai ta san ni, ta san ba halina ba ne. Ta bar ni har na gaji. Na ce, "To ke me kika ce?"

Ta ce, "Ina leƙe ta kan katanga lokacin da ka fito da gudu. Har na ce wa Innata, kin gan shi ko. Na yi alfahari da kai, wallahi." Sannan ta ƙara da cewa, "Tun da muke, ban taɓa ganin ka yi sauri don wani abu haka ba. Ni dai ba ka taɓa yi don ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Wannan maganar ta fi ta mahaifinta yi min ciwo. Bayan kaka aka ɗaura mata aure da wani ma'aikacin lafiya ɗan Kabo. An ce min babur gare shi, kuma ba ya ma wanke shi sosai. Na yi musu addu'a, wannan karon da "amin" mai ƙarfi, don na ga abin da raunanniya take jawowa.

Abin da na koya, ga duk mai sabuwar mota da ke jin kansa: ka wanke abarka, ka goge, ba laifi ba ne. Amma in hadari ya taso kana riƙe da tampol ɗaya, tsaya ka waiga ka ga me ke narkewa a wurin. Ƙarfe ba ya narkewa. Ni malamin noma sai da na je har Dugabau da rakiyar Baffana kafin in gano wannan.

Motar tana nan, tana sheƙi, duk wanda ya gani sai ya yaba. Kujerar gaba ma tsaf take, ko ɗigon laka babu, tunda ba mai zama a kai.